An hana ni shanya a bayan gidana: ku da ke Amurka da Ostareliya, yaya kuke yi?

Maman Hanan, Houston:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Watanmu huɗu da tarewa a sabon gida a wata unguwa da ke wajen gari. Ranar Asabar na wanke zannuwan gado da shaddodin Baban Hanan, na ɗaura igiya daga ginshiƙin baranda zuwa shingen katako na bayan gida, na shanya. Kun san ranar Teksas, kafin in sauke tukunya sun bushe ƙayau. Sai ga wasiƙa daga ƙungiyar masu gidajen unguwa, wai ana hango shanyata daga titi, ta saɓa wa ƙa'idar da muka sa wa hannu, in na sake za a ci mu tara.

Wallahi ba tarar ce ta dame ni ba. Ga rana Allah Ya ba mu kyauta, amma an ce in zuba kaya a injin busarwa in ƙona wuta awa guda. Kuma shadda ba ta shiri da injin nan, yana kashe mata maiƙo. Waɗanda ke Ostareliya, ku ma haka ake yi muku?

Hajiya ta Melbourne:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Sannu da haƙuri. A nan in kin shiga bayan tsohon gida ba ki ga abin shanya ba, shi ne abin mamaki. Akwai wani ƙarfe da ake kafawa a tsakiyar fili, kamar lema marar rufi, da wayoyi zagaye da shi. Ana murɗa hannu ya ɗaga sama, iska ta riƙa juya shi. Hills Hoist suke kiransa, wani mutumin Adelaide mai suna Lance Hill ya fara ƙera shi a 1945. Har a bikin rufe gasar Olamfik ta Sidni a 2000 sai da suka fito da shi, don suna ganinsa a matsayin alamar gidan ɗan ƙasa. Ina da injin busarwa, amma sai in damuna ta haɗu da sanyi, an kwana uku ba rana, nake kunna shi. Wanki kuwa da ruwan sanyi yawancin maƙwabtana ke yi.

Sai dai kada in yi miki ƙarya, waɗanda ke zaune a gidajen bene na haya su ma akwai inda ake hana su shanya a baranda.

Ɗalibi a Michigan:
Anti Maman Hanan, ki nemo takardar ƙa'idar ki karanta ta da kyau, domin sau da yawa abin da aka hana shi ne shanyar da ake gani daga titi kawai. Akwai jihohin da suka yi doka cewa ƙungiyar unguwa ba ta da ikon hana igiyar shanya, kamar Florida, ita ma Kalifoniya ta yi tata a 2015. Kusan gida 8 cikin 10 a ƙasar nan suna da injin busarwa, shi ya sa wasu ke kallon shanya a matsayin alamar talauci da za ta karya darajar gidajen layi. Zubi ɗaya a injin lantarki yakan ci yunit 2 zuwa 4, wanda ya taɓa sayen katin mita a gida ya san abin da wannan ke nufi. Batun ruwan sanyi da Hajiya ta ambata kuwa babba ne, don kusan kashi 90 na wutar da injin wanki ke ci wajen ɗumama ruwa take tafiya.

Hajiya ta Melbourne:
Tunda an tabo ruwa, bari in ba ku labarin abin da na gani da idona, domin shi ya sauya mini hali har yau. Na zo garin nan a 2006, lokacin ana tsakiyar farin da ya ɗauki shekara fiye da goma, bai sake su ba sai wajen 2010. A 2009 ruwan da ya rage a madatsun Melbourne bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba da wani abin kirki. Kullum a labaran dare sai an faɗi yawan ruwan da ya saura, kamar yadda ake faɗin farashin hatsi a rediyo. An hana ba ciyawa ruwa, an hana wanke mota da tiyo. Gwamnati ta ce kowane mutum ya tsaya a lita 155 a rana, mutanen Brisbane kuwa lita 140 aka yanka musu.

An raba mana wani ɗan agogon yashi da ake liƙawa a bangon banɗaki, minti huɗu yashin ke yi ya zube. In ya ƙare, wanka ya ƙare. Kowane gida da bokiti a ƙarƙashin shawa, ruwan sanyin da ke zuba kafin na zafi ya iso shi ake tarawa a kai wa shuka. Maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar asalin Girka, tana da bishiyar lemun tsami da mijinta ya dasa kafin ya rasu. Da ruwan ɗaurayar wanki ta raya ta, bokiti-bokiti, tana ɗingishi. In ka ga gida da koren lambu, to za ka ga allo a ƙofa an rubuta cewa ruwan sama ne na tanki, don kada maƙwabta su yi masa kallon ɓarawon ruwa.

Ni da na tashi ina ganin ana auna ruwan randa da moɗa, abin bai zame mini baƙo ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne bayan ruwa ya dawo, mutane ba su koma facaka irin ta da ba. Jikokina da aka haifa bayan farin, in sun ga famfo na zuba suna goge baki, da kansu suke rufewa.

Yaya daga Kano:
Hajiya, lita 155 ai jarka shida ce ta mai garuwa da ɗoriya. Mutum ɗaya, a rana ɗaya, kuma wai lokacin matsi ke nan. A gidana mu takwas ne, kura ɗaya muke saye ta kai mu kwana biyu.

Ɗalibi a Michigan:
Yaya, to ka riƙe wannan. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce matsakaicin abin da Ba'amurke ke amfani da shi a gida galan 82 ne a rana, wajen lita 310. Jarka 12 ke nan. Kusan kashi 30 na ruwan gidaje a waje yake ƙarewa, galibi a kan ciyawar ƙofar gida wadda ba dabbar da za ta ci. Masai ma na da nasa kason. Tun 1994 doka ta ce sabon tankin masai kada ya wuce lita 6 a kora ɗaya, amma tsofaffin gidaje har yanzu akwai masu zubar da lita 13. Mai maɓalli biyu, babban kora da ƙarami, kamfanin Caroma na Ostareliya ne ya fito da shi a 1980, kuma can ne ya zama ruwan dare.

Baban Sadiq, Newcastle:
Hajiya, da girmamawa, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amma ina jin tsoron mu bar 'yan uwa da tunanin cewa mutanen ƙasar nan sun fi Amurkawa tausayin ƙasa. Ni a Newcastle ta Ostareliya nake. In na tsaya a bakin teku da yamma ina ƙirga jiragen ruwa a jere suna jiran lodin kwal, domin tasharmu ce mafi girma a duniya wajen fitar da shi. Wutar da ke kunna firjin yawancin gidajen gabashin ƙasar nan har yanzu wajen rabinta daga kwal take. In aka raba hayaƙin kabon da ƙasa ke fitarwa a kan mutanenta, ɗan Ostareliya da Ba'amurke kusan kunnen doki suke, kowannensu tan 14 zuwa 15 a shekara. Ɗan Najeriya bai kai tan 1 ba, na Nijar kuwa ya fi haka ƙanƙanta nesa.

Sababbin gidajen da ake ginawa a nan na cikin mafi girma a duniya, ga mutum uku ko huɗu a ciki. Ku je yammacin Sidni ku ga sababbin unguwanni, gida ya cinye fili kaf, rufi baƙi, ba bishiya ko ɗaya. A Penrith da ke can yammacin Sidni zafi ya kai digiri 48.9 ranar 4 ga Janairun 2020, lokacin gobarar dajin nan da ta turnuƙe mu da hayaƙi. Wanda ke cikin irin wannan gida ba shi da zaɓi sai ya kunna na'urar sanyaya ɗaki dare da rana. Da hunturu kuma tsofaffin gidajen kamar rariya suke, iska na shiga ta ko'ina, hita na ci ba ta ƙoshi. Mota fa? Ford Ranger da Toyota HiLux suna cikin na kan gaba a kasuwa, kamar yadda manyan a-kori-kura na Ford suke a Amurka, kuma da yawan masu su ba abin da suke ɗauka sai yara zuwa makaranta.

Ruwa sun koya, don fari ya murɗe musu kunne. Abin da bai taɓa murɗe musu kunne ba, suna nan yadda suke.

Hajiya ta Melbourne:
Baban Sadiq, ban musa maka ba. Amma ka manta da rufin gidaje. Kusan gida ɗaya cikin uku a ƙasar nan yana da sola a kai, ba ƙasar da ta kai mu. Jihar Ostareliya ta Kudu ta rufe tashar kwal ɗinta ta ƙarshe a 2016, yanzu wajen kashi 70 na wutarta daga iska da rana ne. Mu a jihar Victoria tun farkon 2024 aka daina jona gas a sababbin gidajen da ke buƙatar izinin tsara gini. Tun da muka sa sola, na mayar da wanki da guga zuwa tsakar rana, lokacin da wutar tawa ce.

Baban Sadiq, Newcastle:
Haka ne Hajiya, amma me ya sa suka sa? Tallafin gwamnati ya sauƙaƙa farashi, kuɗin wuta kuma ya yi tsada, lissafi ya fita. Ni ɗan haya ne shekara tara. Rufin ba nawa ba ne, mai gida kuma ba shi ke biyan wutar ba, don haka bai ga dalilin sawa ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen ƙasar nan haya ne, duk muna cikin wannan hali.

Kawu na Las Vegas:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, bari dattijo ya sa baki. Maganar Baban Sadiq ta murɗa kunne ita ce gaskiyar, kuma a Amurka ma haka take. Kada a ɗauki Houston a ce ita ce ƙasar duka. Garinmu a cikin hamada yake, kusan duk ruwan da muke sha daga tafkin Mead yake zuwa, na kogin Colorado. Ina yawan kai fasinja madatsar Hoover wadda ta tare ruwan tafkin, in ka leƙa za ka ga wani farin zobe a jikin duwatsu, tsayinsa ya fi bene mai hawa goma, wato inda ruwa yake kaiwa a da. A Yulin 2022 tafkin ya sauka zuwa wajen kashi 27 cikin 100 na cikarsa.

A nan hukumar ruwa biyanka take yi ka tone ciyawar ƙofar gidanka ka zuba tsakuwa da tsirran hamada. Na yi nawa, na dasa itatuwa biyu masu jure ƙishi, kuɗin ruwana ya faɗi warwas. Akwai ranakun da aka yanka wa kowace unguwa na ban-ruwa, akwai ma'aikata masu zagayawa da mota, in sun ga ruwanka na kwarara a titi sai takarda. A 2021 jihar Nevada ta yi doka cewa ciyawar ado da ba mai taka ta, irin ta gefen titi da gaban ofisoshi, dole a cire ta kafin 2027. Ruwan da muka yi wanka da wanke-wanke da shi kuwa kusan duka ana tace shi a mayar tafki. Jama'a sun ƙaru sosai tun 2002, amma ruwan da garin ke ja daga kogin ya ragu.

Maman Hanan, 'yata, ita ƙungiyar unguwar da ta hana ki shanya, a nan irinta ce a da ke tilasta wa mutane koren ciyawa. Doka ta zo, ta sauke kai.

Ɗiyar Zinder, Bronx:
Ina wuninku. Ni abin da ke ƙona mini rai a New York shi ne ɗumin ɗaki. Ginin da nake tsoho ne, mai bututun tururi, ba ni da ikon ragewa ko ƙarawa. A tsakiyar Janairu, ƙanƙara na zuba a waje, mu kuma gumi muke a ciki, dole mu buɗe taga. Ku duba kowane bene a layinmu, tagogi a buɗe. Ana ƙona mai ana ɗumama titi. Wannan ba halin ɗan haya ba ne, ginin ne haka.

Sai batun kwalabe. A nan kowace gorar ruwa ko gwangwanin lemo akwai kuɗin ajiya santi 5 na dala a kansa, wanda ake biyan duk wanda ya mayar da shi. Da asuba in zan tafi aiki ina haɗuwa da tsofaffi, mata da maza, suna tura keken kanti cike da buhunan gwangwani da suka tsinto. Duk lokacin da na gan su sai in tuna 'yan bola jari na gida. Su ne ke tsabtace unguwa, kuma su ne ba a gaisarwa. Ni dai ina ware nawa a leda daban in ajiye musu a gefe, don kada sai sun tona shara.

Ɗalibi a Michigan:
A Michigan santi 10 ne tun 1978, kuma shekaru da dama fiye da kashi 90 na kwalaben na dawowa, sai bayan korona abin ya ja baya. Jiha 10 ce kawai cikin 50 ke da wannan tsari, Oregon ce ta fara a 1971. Teksas ba ta ciki.

Baban Sadiq, Newcastle:
Mu santi 10 ne, Ostareliya ta Kudu ta fara tun 1977, jiharmu sai Disambar 2017. Sadiq ya mayar da shi sana'a, duk Asabar sai na kai shi injin karɓar kwalabe da buhu biyu.

Amma kwandon sake sarrafa shara ya yaudare mu duka. Shekaru muna jefa roba a kwando mai murfi ruwan ɗorawa, hankalinmu kwance, ashe kaso mai yawa lodinsa ake yi zuwa ƙasar Sin. Da Sin ta rufe ƙofa a farkon 2018, sai shara ta taru a nan da Amurka, ba a san inda za a kai ta ba. Akwai kuma shirin REDcycle na tara leda a manyan kantuna, ya durƙushe a Nuwambar 2022, aka gano ledojin jibge a rumbunan ajiya. Matata ta yi shekaru tana wanke ledar burodi tana shanyawa don ta kai musu. Ranar da ta ji labarin ba ta ce komai ba, amma na ga yadda jikinta ya mutu.

Ɗalibi a Michigan:
A Amurka alƙaluman hukuma na 2018 sun nuna robar da aka sake sarrafawa ba ta kai kashi 9 cikin 100 ba, kuma kowane mutum na fitar da shara sama da kilo 2 a rana. Gwangwanin alminiyam da kwali su ne ke komawa da gaske.

Maman Hanan, Houston:
Na karanta duka, kuma jikina ya yi sanyi, don na fara da kukan igiyar shanya alhali akwai abin da ke hannuna da ban gyara ba. Muna da firji biyu, ɗaya a kicin, tsoho kuma a gareji yana fama da zafin Houston dare da rana. Muna zuwa kantin sari mu ciko mota don ya fi arha, sai alayyafo ya narke a leda, madara ta wuce kwananta, rabin buhun lemu ya yi fumfuna. Jiya na zubar da shinkafa kusan kwano guda, na tsaya ina kallonta a kwandon shara. A gidanmu tuwon dare shi ne ɗumamen safe, ƙanzo ma jiƙa shi ake yi, abin da ya saura kuma akwai mai sallama a ƙofa, akwai kaji. A nan ba mai sallama, ba kaza.

Hajiya ta Melbourne:
Ba ke kaɗai ba ce ɗiyata. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ƙiyasta kashi 30 zuwa 40 na abincin ƙasar asara yake zama, mu kuma tan miliyan 7.6 a shekara. In ya ruɓe a ƙarƙashin juji yana fitar da iskar gas mai ɗumama duniya fiye da hayaƙin kabon. Ƙaramar hukumarmu ta ba mu koren kwando na ragowar abinci da ganye, ana yin taki da shi. Amma abin da ya fi yi mini aiki shi ne cefane kaɗan-kaɗan, da kuma rana ɗaya a mako da ba na ɗora tukunya sai an cinye abin da ke firji. Ki gwada kashe na garejin wata ɗaya ki duba takardar wuta.

Yaya daga Kano:
Ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ke raina. Ku kuna lissafin minti huɗu a banɗaki da santi 10 na gwangwani, mu kuma damuna ce ta rikice mana, ko ta makara ko ta zo da ambaliya. Igiyar Maman Hanan ba za ta tsayar da jirgi ko ɗaya a tashar Baban Sadiq ba. Ba na cewa mu tsarkaka ne, ledar fiya wata ta toshe mana kwatoci, kuma in mun samu hali mu ma janareto da babbar mota muke saye. Amma hayaƙin da ya cika sama ba daga murhunmu ya fito ba.

Kawu na Las Vegas:
Gaskiyarka ɗana, ba wanda zai ja da kai. Sai dai ka lura, duk wurin da aka ambata a nan da abu ya gyaru, mutanen gida ne suka fara jin jiki, suka matsa, aka yi doka, dokar ta sauya gidaje miliyoyi a lokaci guda. Waɗanda ke da katin zaɓe a ƙasashen nan biyu cikinmu, nauyin ya fi yawa a wuyansu. Ni ina zuwa taron hukumar ruwa in an buɗe wa jama'a, ko da Turancina na direba ne suna saurara.

Yaya daga Kano:
To Kawu, Allah Ya sa su ji. Mu dai gero ya yi tsada.

Maman Hanan, Houston:
Na dawo da bayani. Ɗan uwa na Michigan, Allah Ya saka da alheri, na karanta takardar, abin da aka hana shi ne duk abin shanyar da ya ɗara shinge tsawo. Na sayo na ƙarfe mai naɗewa guda biyu, gajeru, yau shaddodi sun sha rana ba wanda ya gani. Zannuwan gado ne ba sa shiga, sai na ninka biyu. Firjin gareji mun kwashe kayan ciki mun zare shi daga soket da safe.

Ƙungiyar na da taro ranar Talata ta biyu a watan gobe, na sa sunana cikin masu magana. Wata maƙwabciyata 'yar Meziko ta ce ita ma an taɓa aiko mata da irin wasiƙar, za ta raka ni. Hajiya, don Allah ki ɗauko mini hoton ƙarfen shanyar nan naki da kaya a kai, ina so in nuna musu.

Hajiya ta Melbourne:
Yanzu dare ne a nan. In Allah Ya kai mu gobe ina da wankin labule, zan ɗauka in turo miki.